Tabaran da Na Karɓa daga Hannun Kulu

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce, don mai ba da ita tana cikinta. Ni ban iya rubutu ba, na allo ko na boko. Jikata Rukayya ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, yadda ta fito haka za ta zauna. Abin da zan faɗa shi ne yadda aka yi na bar Makka na koma Jidda da zama, ni da na sha cewa ba abin da zai fitar da ni daga garin nan, ko makara ma iyakarta maƙabarta. An daɗe ana ɗora wa autana Haruna laifin wannan. Babbar 'yata, wadda bakina ba ya kiran sunanta tunda ita ce ta fari, ku kuma kuke ce mata Gwaggo Babba, ita ta fara cewa tarko ya ɗana mini da tabarau. To yau zan faɗi yadda abin ya kasance, gwargwadon abin da na gane, don har yanzu akwai abin da ya shige mini duhu.

A bayan uwata na shigo Makka. Iyayena daga ƙasar Kano suka taso, suka yi shekaru a hanya suna aikatau a gonakin mutane, har suka ƙetare ruwa. Nan na yi wayo, nan aka yi mini aure, nan na binne uwa da uba da miji. Bayan rasuwar kakanku na ci gaba da zama ni kaɗai a ɗakinmu na unguwar Utaibiyya, hawa na huɗu, ba na'urar hawa sai matakala. Idan na tsaya a taga na karkata kai, ina hango kan doguwar hasumiyar agogon nan ta tsakanin gini biyu, in san Harami yana nan ƙarƙashinta. Da safe in sauko in tafi kasuwar Mansur, inda muke kasa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa ni da ƙawata Kulu, mutuniyar Damagaram, mace mai baki da dariya. Wannan ita ce duniyata, kuma ta ishe ni.

Shekara biyu kafin abin da zan ba ku labari, idona na hagu ya fara tafiya. Ba ciwo, ba ruwa, ba ja. Kamar dai wani ne ya tsaya a gefe yana jan labule a hankali, kullum ɗan kaɗan, har wata rana da safe na rufe na dama don in sa kwalli, sai na ga ba ni a madubi, ba madubin ma. Ban gaya wa kowa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na dama yana gani sarai, amma abubuwa suka daina gaya mini inda suke. In zo zuba shayi, in ga kofi, in ga bakin buta, in zuba, sai ya sauka a kan faranti. In miƙa wa mai saye ƙullin daddawa, hannuna ya tsaya bai kai ba. Sai na koyi dabaru. Ina ɗora bakin buta a kan leɓen kofi kafin in zuba. Ina ƙirga matakala a zuci. Ina tafiya bango yana hagu da ni. A kasuwa na sa Kulu ta koma zama ta hagun, na ce rana ce ke damuna.

Za ku ce me ya sa na ɓoye. Ranar da aka share makokin kakanku, Haruna ya durƙusa gabana ya ce ya bar ni a Utaibiyya tunda haka nake so, amma ranar da lafiyata ta taɓu, ranar zan koma wurinsa, ba shawara. Gwaggo Babba kuwa a Zahir take, cikin Makka, amma gidan mijinta ne, ni kuma ba zan kwana in tashi a gaban suruki ba. Kun ga ke nan ido ɗaya ne ya rage tsakanina da barin garin.

Haruna tun yana ƙarami ba ya barin rediyo ta kwana da cikinta a rufe. Da ya girma ya zama mai gyaran talabijin. Da aka ba da izinin buɗe gidajen sinima a ƙasar nan, sai ya sami aiki a wani a Jidda, shi ke kula da injin majigin. Ya kwashe matarsa da ku ya tafi. Gwaggo Babba ta ce abin kunya ne, jikan mutanen da suka tako ƙasa don Allah ya ƙare a gidan kallo. Matan Mansur kuma kullum sai an sami mai tambayata wai aikin me Auta yake yi, alhali ta sani. Ni ban san abin da zan ce ba, don ban taɓa shiga ba. Da maganar ta ishe ni, na ce masa ya zo ya kai ni in gani da idona, sannan in san ko in sa albarka ko in hana. Kulu na ji ta ce ko a but ɗin mota ne sai an tafi da ita. Ku lura da wannan: ni na nemi zuwa, ba shi ya kira ni ba.

Bayan azahar muka isa. Gidan yana can saman wata ƙatuwar kasuwa mai sanyi kamar cikin firji. Kafin a fara, Haruna ya hau da mu wani ɗan ɗaki a sama inda injin yake, wani baƙin akwati mai huci, da ido ɗaya yana leƙen zauren ta wata 'yar taga. Ya ɗauko wani tabarau mai kauri ya ɗora mini a tafin hannu, ya fi na karatu nauyi. Ya ce fim ɗin yau ba irin na talabijin ba ne, irin wanda abu ke fitowa daga bango ne ya zo gabanka. Kulu ta ce a'uzubillahi, ta kuma matsa gaba don ta ji da kyau.

Ya yi ta bayani, Hausa na ƙare masa yana cikawa da Larabci. Ya ce da kyamara biyu ake ɗaukar hoton, a jere, tazararsu kamar tazarar idanun mutum. Saboda haka hoto biyu ne, ɗaya na idon dama, ɗaya na idon hagu. Injin nan ba ya jefa su tare, yana jefa na dama, ya ɗauke, ya jefa na hagu, ya ɗauke, da saurin da ido ba ya iya bi. Shi kuma tabaran akwai ɗan batir a jikinsa, akwai wani ruwa a cikin gilashin mai yin baƙi ya washe. Idan hoton dama ne a bango, gilashin hagu ya rufe. Idan na hagu ne, na dama ya rufe. Na tambaye shi wa ke gaya wa tabaran lokacin rufewa, tunda ba igiya tsakaninsa da injin. Ya nuna mini wani ɗan akwati ya ce shi ke aika musu haske, amma hasken da ido ba ya gani. Na ce hasken da ba a gani kuma ai duhu ne. Ya yi dariya ya ce a'a, haske ne. Har yau ban gane wannan ba.

Kulu ta ce, "To ɗan nan, mu da muka zo kallo, kai kuma rufe mana ido za ka yi?"

Ya ce, "Rabin lokacin kowane ido a rufe yake, Hajiya, amma ba za ki sani ba. Ɗan'uwansa na rufa masa asiri."

Sai ya ce bari ya nuna mana dalili. Kowa ta ɗaga yatsa gaban hancinta, ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta rufe ɗayan. Kulu ta yi, ta ce la, yatsan yana tsalle. Ya ce yawwa, kowane ido da inda yake hangowa, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun ta fitar da nisa da kusa, mai ido ɗaya ba ya samun wannan. A tsaye a ɗakin nan na ji dalilin da shayina ke sauka a faranti, daga bakin ɗana, shi kuma bai san da ni yake ba. Ya juyo ya ce Inna ke fa. Na ɗaga yatsa, na rufe na hagu, ga yatsa. Na rufe na dama, ba yatsa, ba Haruna, ba ɗaki.

Na ce, "Ya yi tsalle."

Muka sauko zauren. A bakin ƙofa wata ma'aikaciya ce ke tsaye da kwando, kowa ya zo ta miƙa masa tabarau, ba ta ko duba wanda hannunta ya kai. Haruna yana can sama wurin injinsa. Ku riƙe wannan ma. Muka zauna, kujera mai laushi har tana haɗiye mutum, Kulu da ƙaton kofin gugguru a cinya. Aka kashe fitilu, na sa tabaran a kan mayafina. Bango ya cika da ruwa shuɗi, da kifaye iri-iri. Ba a jima ba Kulu ta fara mutsu-mutsu, tana cirewa tana gogewa da bakin mayafi tana mayarwa.

"Ke Tasalla, nawa ya mutu. Ɓangare guda baƙi ƙirin."

"Ai ya ce yana rufewa."

"Wannan ya rufe bai buɗe ba."

Na ce ta kawo in gani. Na ba ta nawa, na sa nata. Ga ruwa, ga kifi, daidai da yadda nake gani ɗazu, ba abin da ya ragu. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, tsabar ƙorafi ne irin nata, ta riƙe nawa ta bar ni da wannan. Har ina jin daɗi a raina na yi wa ƙawata alheri, na kuma kare aikin ɗana daga bakinta. Ko kaɗan ban kawo komai ba. Wanda ya saba da duhu a gefe guda ba ya jin an ƙara masa wani.

Daga nan abin ya rikice mini. Kulu na sa nawa ta ƙwala salati, ta kai hannu tana kamun iska. Wani ƙaton kifi ya juyo, zauren duka ya kwanta baya, yara na ihu, gugguru ya watse mini a jiki. Ni kuwa kifi yana can a bangonsa, lafe kamar zanen atamfa. Na duba dama, mutane na sunkuyawa. Na duba bango, ba abin sunkuyawa. Na ce ko tabaran ne ya hana ni, na zare shi. Sai na ga kowane kifi ya zama biyu, ɗaya na hawan ɗaya, kamar rinin da ya zuba a wanki. Na mayar, ya koma ɗaya. Na rasa gane kan abin: da ido tsirara biyu, da tabarau ɗaya, su kuma waɗannan bayin Allah wani abu na uku suke gani wanda ni ba a ba ni ba. Sai na koma kallon kafaɗar Kulu. In ta kauce in kauce, in ta ja baya in ja baya, kullum ina makara da kaɗan. Haka na yi har aka kunna fitilu, wuyana ya ƙage.

Haruna ya tare mu a ƙofa yana murmushi, ya tambayi yadda muka gani. Kulu ta ce kifi ya sumbace ta a hanci, ta kuma yafe wa duk wanda ya zagi aikinsa. Sannan ta ƙara da cewa sai dai a gyara tabarau, don na farkon da aka ba ta makaho ne ta gefe guda, ko da yake uwarsa ta ce ƙorafi ne. Tabaran yana hannuna, ban riga na jefa a kwando ba. Ya karɓa, ya ɗaga shi saitin fitila. Ni ma a lokacin na gani da na dama: gilashin hagu ya tsage ta ciki, baƙin ruwan ya malale ya cika shi, kamar an zauna a kansa. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Inna, da wannan kika kalla?"

"Da shi."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Kifin nan har hancina ya zo."

Ya sa tabaran a aljihu, ya je ya nemi izini wurin mai gidansa, ya ɗauko mota. Tun daga Jidda har Makka Kulu ce kaɗai ke magana. Muka sauke ta a Mansur ana kiran magariba. A Utaibiyya ya ce zai raka ni sama, ya biyo bayana a matakala, ni kuma bakina ya saba, ashe ƙirgar tana fita a fili. Da muka shiga ya yi salla, ya ce in ba shi shayi. Na ɗora bakin buta a leɓen kofi. Ina ɗagowa na ga ba kofin yake kallo ba, hannuna yake kallo.

Ya ce, "Tun yaushe, ya ummi?"

Na ce, "Azumi biyu."

Ya sa fuska a tafin hannu ya daɗe. Washegari ya kai ni asibitin ido. Likita ya ce ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiya, na hagu ya tafi ba dawowa, na dama ma an fara ja masa labulen ta gefe ban sani ba. Ya ce da an ƙara shekara guda, da sai dai jagora. Ya rubuta magani na ɗigawa safe da yamma har ƙarshen rai, ya ce kada in zauna ni kaɗai, kada in yi ta hawan bene.

To ga inda nake so Rukayya ta danna alƙalami da kyau. A mota na jira Haruna ya tuna mini maganar ranar makoki. Bai tuna ba. Cewa ya yi ya san abin da Makka take a wurina, ba zai ɗauke ni ba. Zai ajiye aikin Jidda, ya dawo da iyalinsa, ya nemi gida a ƙasa, ya koma gyaran talabijin, ko da yake yanzu mutane ba sa gyarawa, sabuwa suke saye. Ya ce in ba shi mako guda ya sallami mutanen.

Mako gudan nan ban san inda kaina yake ba. Na je Harami na yi ɗawafi, mutane na bangaje ni ta hagu ina ba su haƙuri. Na roƙi Allah Ya nuna mini, ban yi mafarkin komai ba. Abin da ke ta dawo mini shi ne fuskarsa a ɗan ɗakin nan na sama, yana shafa baƙin akwatin yana bayanin hasken da ba a gani, kamar ranar da ya fara sa matacciyar rediyon ubansa ta yi magana. Na je in ga ko aikin na kunya ne, ban ga abin da kowa ya gani ba, amma wannan na gan shi, ido ɗaya ya isa. Na tuna ku, kuna makaranta a can. Na tuna uwata ta bar garinsu ba ta sake ganinsa ba, ni kuwa tafiyar awa guda ce ake nema a wurina. Duk da haka in na tsaya a taga sai in ji ba zan iya ba. Ranar da mako ya cika ya kira ya ce gobe zai kai musu takardar barin aiki. Na ji bakina ya ce ya bar takarda, ya zo da kwalaye.

Laifina kuma ga shi. Na ce masa kada ya gaya wa kowa ya yi niyyar barin aikin. Kunya nake ji a ce a Mansur Tasalla an ba ta zaɓi tsakanin Makka da gidan sinima ta zaɓi gidan sinima. Na fi so a ce an fi ƙarfina. Da Gwaggo Babba ta zo tana kuka tana ɗaure kwalaye, ta ce ya san abin da yake yi, da gangan ya ba ni mataccen tabarau don ya kama ni, ina zaune ina ji na yi shiru. Shi ma ya dube ni ya yi shiru. Shekara huɗu ke nan yana ɗauke da wannan, ba ta taka gidansa ba, sai dai in an kai ni Makka mu haɗu a Harami, ta gaishe shi sama-sama kamar baƙo.

Yanzu ga inda kowa ya ƙare. Kulu tana nan a Mansur, ta haɗa kasata da tata, ta koma sinima sau uku, duk mai sayen daddawa sai ya ji labarin kifin da ya sumbace ta. Ɗakin Utaibiyya wasu 'yan Sakkwato masu aikin gini ne a ciki, an ce sun rataya wanki a tagar. Haruna yana nan da injinsa, yanzu har wasu yake koya wa. Duk Juma'ar da ba ya aiki yana kai ni Harami, ya riƙe ni ta hagu, ya kuma yi mini alkawari a gaban Ka'aba cewa ko ina na cika, a Makka za a sallace ni. Idona na dama yana nan, labulen ya tsaya inda likita ya same shi. Na sa Haruna ya sake yi mini bayanin tabaran nan ya fi sau goma, har yau ban gane yadda ake rufe wa mutum ido don ya ƙara gani ba.

Mataccen tabaran kuwa, da ya mayar aka ce na shara ne, sai ya roƙa ya kawo mini. Yana cikin akwatina, ƙarƙashin likkafanina. Rukayya, in kin gama rubutun nan ki ɗauke shi, ki hau mota ki je Zahir, ki karanta wa Gwaggo Babba tun daga farko, kada ki tsallake inda na ce laifina. In ta ce ba ta yarda ba, kada ki yi gardama da ita. Ki kai ta Utaibiyya, ki sa mata shi a fuska, ki ce ta hau hawa huɗu ta sauko. In ta sauko, ki gaya mata ƙaninta yana ƙasa a mota yana jira.